Ramin Kaset ɗin Nina

Duk wanda ya leƙo ɗakina a Morrisania, wata unguwa a Bronx ta Amurka, tambayar farko da yake yi ita ce, "Baba Sale, to kai a ina kake kwana?" Sai in nuna masa ɗan lungun da ya rage tsakanin kwamfuta ta huɗu da ta biyar. Goma sha ɗaya ne gaba ɗaya, duk ƙirar Rasha tun tana Tarayyar Sobiyet, irin waɗanda aka koyar da 'yan makaranta da su. Launinsu na tokar murhu, nauyinsu kamar alhaki, haruffan jikinsu kuwa ko masu digirinmu ba sa iya karantawa. Ni da na tara su aji uku na yi a firamare, na ukun ma sau biyu, har hedimasta ya ce wa mahaifina ya gaji da ganin ƙeyata. A masallaci ana raɗa cewa Amurka ta taɓa min kai. Ban musa ba. Amma kafin in mutu a kwashe su a kai bola, gara in rubuta yadda aka yi, da wannan rubutun nawa da ni kaina sai na matse ido nake gane shi.

Zangona na farko Jamaica ne, unguwar da ke bayan filin jirgi a Queens. Shekara talatin na yi ina gyaran rediyo a bakin tashar Funtuwa, har waya ta zo ta kashe mana kasuwa. Wani Alhaji Mudi, ɗan garinmu mai tura kwantena gida, shi ya ce in zo, akwai shago yana jirana. Na zo da sukundirebobina a naɗe cikin tsumma kamar kayan wanzami. Shagon da na tarar wani fili ne da aka kewaye da waya, cike da matattun firji da talabijin, jirage suna wucewa ta kanmu kamar za su tafi da hular mutum.

Na ce, "Alhaji, ina teburin gyaran?"

Ya yi dariya har da tari. "Malam Sale, a nan ba a gyara. Jefarwa ake yi. Ɗauki wancan firjin."

Aikina biyu. Na farko dako. Na biyu, in 'yan kasuwa sun zo duba kaya, sai Alhaji ya sa min farar riga mai aljihu ya ce, "Ga injiniyanmu, shi ya gwada komai." Ni kuma in gyara murya, in ƙwanƙwasa bayan talabijin da yatsa, in kasa kunne, in liƙa mata takarda cewa lafiyarta ƙalau. Allah ya yafe min, akwai gidaje a Funtuwa da har yau suke ajiye da gawar talabijin mai ɗauke da sa hannuna. Daga nan sunan Injiniya ya bi ni, kuma, in faɗi gaskiya, ya yi min daɗi. Ranar da bayana ya riƙe a ƙarƙashin wani injin wanki, kwana huɗu na yi a kwance. Da na dawo na ga safar hannuna a hannun wani, farar rigar ma a jikinsa. Alhaji bai ko ajiye wayar da yake yi ba, ya ɗaga min hannu kawai kamar mai sallamar ƙuda.

Zango na biyu Bronx. Mu biyar a ɗaki, ɗan Maraɗi biyu, ɗan Jos ɗaya, sai wani ɗan Agadas da ban taɓa ganinsa a farke ba. Na koma gyaran fanka da dutsen guga ga matan bene, a biya ni da abin da ya samu, wani lokacin kwanon tuwo. A nan kewar Inna ta fara cina. Mahaifiyata ke nan, ta tsufa, idonta ya tafi tun kafin in baro gida. Akwai wata rakoda da na haɗa mata da hannuna, ta san maɓallanta da laluben yatsa kamar yadda ta san carbinta. Al'adarmu da ita tun ina zuwa ci-rani Legas: in yi magana a fuska ɗaya ta kaset, in ba matafiyi. Ta saurara har ta ƙoshi, sannan a juya mata shi ta ba ni amsa a ɗaya fuskar, ya dawo. Ƙanwata Hadiza tana da waya, muna magana, amma Inna ta ce ita muryar waya ba ta zama. "Kana gamawa ta tafi, Sale. Ni mai zama nake so, wadda zan kunna ba sai na roƙi kowa ba."

Kaset ukun da na zo da su sun yi ta kai da kawowa har zarensu ya tsinke. Na shiga neman wani a birnin da aka ce babu abin da babu. Wani mai shago ya tambaye ni ko gidan tarihi nake nema. Shekara biyu Inna ba ta samu muryar da ke zama ba.

Zango na uku ta hannun Anti Ramatu ya zo. 'Yar Zangon Kumasi ce, mai aikin kula da tsofaffi a gidajensu, da irin Hausarsu da mace da namiji duk "ya" ne. Na gyara mata injin markaɗe, ta tsaya tana kallon hannuna.

Ta ce, "Injiniya, ka iya kwamfuta?"

Me za ku ce na ce? "Anti, kwamfuta ai ƙanwar rediyo ce."

Tsohon da take kula da shi yana can ƙarshen Brooklyn, bakin teku, unguwar da kowa Rashanci yake yi, har allunan shaguna. Kusan awa biyu a jirgin ƙasa, da canji. Sunansa Girisha, na liƙa masa Baba. Dogo ne da ya rame, da tabarau mai kauri da ƙaton hanci, malamin lissafi ne a ƙasarsu kafin ta wargaje. Ɗakinsa kamar yadda nawa yake yanzu, don su ɗin ne dai. Shekaru ya yi yana tara su, wata daga hannun maƙwabci, wata a aiko masa a akwati daga can. Babu mai tashi ko ɗaya. Turancinsa gurgu, nawa makaho, sai Anti Ramatu ta tsaya a tsakiya, don shekarun da ta yi tana wanke tsofaffin unguwar sun sa ta tsinci yarensu.

Ya nuna ni da haɓa ya yi tambaya. Anti ta ce, "Wai a wace makaranta ka yi injiniya?"

Na ce, "Gaya masa babbar makarantar bakin tasha."

Ban san me ta gaya masa ba. Ya dai gyaɗa kai.

Da na buɗe ta farko sai gabana ya daina faɗuwa. Cikinta cikin rediyo ne, wayoyi masu kauri, dalma a fili, komai an yi shi don hannu ya shiga. Na dubi filoginta, ƙafa biyu zagayayyu. Na kwashe da dariya. Wutar Amurka rabin tamu ce, waɗannan kuwa irin wutar gida suke ci, yunwa ce take damun rabinsu. Washegari na zo da taransifoma daga shagon da mutanenmu ke sayen kayan kai gida. Sauran ciwon kuma Baba Girisha ya nuna min da kansa: wasu 'yan ƙananan abubuwa koraye kamar ƙwayar wake da ya kamata a gani a jere, an bi an ciccire su da almakashi. Wai akwai ƙarfe mai tsada a ciki, lokacin da ƙasar ta rushe mutane suka bi makarantu suna yankewa suna sayarwa. Na ce ashe ko'ina akwai Alhaji Mudi.

Wata uku ina zuwa, Litinin da Alhamis. In ciro daga wannan in dasa a waccan. Ya ba ni shayi baƙi ƙirin a kofin gilashi da wani busasshen biskit mai rami a tsaka, ya zauna yana kallon hannuna, in na liƙa waya da kyau ya ce wani abu da na fahimci yabo ne. Ranar da ya ga takalmina ya jiƙe da ƙanƙara, ya sa Anti ta ɗauko min nasa na sanyi, ya ce shi ba inda za shi kuma. Tun da na sauka a ƙasar nan shi ne mutum na farko da ya dubi ƙafata.

Akwai kuma wata rakoda da ya matsa min in gyara, ya fi damuwa da ita fiye da komai. In canza roba, ya ce a sake. In goge kai, ya kawo tabarau ya duba. Ya ce, ta bakin Anti, kada ta kuskura ta ci zare, don akwai kaset ɗin da wataƙila sau ɗaya tak zai jure a juya shi. A gefe ga kwali cike da kasakasai. Ni a raina na ce tsoho yana kewar waƙoƙin ƙasarsu. Me ya haɗa rakoda da kwamfuta? Tambayar ta zo min har bakin leɓe, ba sau ɗaya ba. Amma injiniya ba ya tambaya. Na haɗiye ta.

Sai ciwon zuciyar Baba Girisha ya motsa aka kwantar da shi asibiti. Ya bar wa Anti saƙo a ba ni makulli in ci gaba da aiki. A makon nan ne Hadiza ta kira ta ce jikin Inna ya yi nauyi, abinci sai an lallaɓa, kuma kullum sai ta lalubi rakodarta ta tambaya ko an samu matafiyi. Ga shi Hajiya Balaraba, wata 'yar kasuwa a benenmu, za ta tashi zuwa Kano ran Alhamis.

Ran Laraba da azahar ina zaune ni kaɗai a ɗakin Baba Girisha, rakoda ta gyaru tsaf, kwali yana kallona ina kallonsa. Na ce bari in ji waƙar Rasha. Na sa na farko. Ƙiiiii, ƙurrrr, kamar an taka wutsiyar gyare. Na sa na biyu, haka. Na biyar, haka. Shekara talatin ina wannan sana'a, na san kukan kaset ɗin da ya mutu. Na ce kaito, tsoho yana ta tanadin rakoda, bai san waƙoƙinsa duk sun lalace ba. Tunda matattu ne, in na ɗauki ɗaya wa na cuta?

Na zaɓi wanda ya fi kyau, yana can sama-sama. Mai sukurori ne, ba na manne ba, zarensa sumul. A takardarsa an zana wata akuya da jan biro, zanen yara, da haruffa huɗu. Na juya shi na ga an ɓalle 'yan haƙoran nan biyu na samansa. Duk wanda ya taɓa riƙe kaset ya san ma'anar wannan: mai shi yana cewa kada a ɗauki komai a kai. Kuma duk wanda ya zauna a bakin tasha ya san maganinta. Na yagi takardar biskit, na dunƙule, na toshe ramukan duka biyu, har da na fuskar Inna, don kada Hadiza ta sha wahala. Ku ga kirki.

Na danna jan maɓallin ɗauka, na yi sallama. Rabin awa ina zuba. Na ce wa Inna ina da ofis a bakin teku. Na ce Bature ne yake dafa min shayi da hannunsa, wannan kam gaskiya ne. Na ce injiniyoyi suna zuwa daga wasu garuruwa su ga yadda nake aiki. Na yi mata waƙar da take min ina yaro in na ƙi cin tuwo, muryata ta karye a tsakiya, na ce mata mura ce. Da safe na damƙa wa Hajiya Balaraba.

Ran Litinin aka sallamo Baba Girisha. Na shirya masa abin mamaki: kwamfuta guda ta tashi, na haɗa ta da tsohuwar talabijin, wani ɗan farin ɗigo yana ƙyaftawa a kusurwar gilashi. Ya tsaya a bakin ƙofa da sandarsa. Ya kama kaina da hannu biyu ya sumbaci goshina, ni da furfurata. Sannan ya ɗauko wata waya da ban taɓa kula da ita ba, ya soka bakinta ɗaya a rakoda, ɗayan a bayan kwamfuta. Ya zari kaset daga kwali, ya danna wasu haruffa, ya kunna.

Ƙiiiii, ƙurrrr.

Na buɗe baki zan yi masa ta'aziyyar waƙoƙinsa. Ya ɗaga min yatsa. Minti uku, huɗu, kukan ya tsaya. Sai gilashin ya cika da zane, wasu 'yan tubala suna gangarowa, ana jin ɗan kiɗa.

Anti ta tafa. "Kai, Injiniya! Ashe abin a cikin kukan yake!"

Ni kuwa na juya na dubi kwalin. Ashe kukan nan ba mutuwa ba ce. Yaren da kwamfutar ke ji ke nan, a kaset suke ajiye karatunsu.

Baba Girisha ya ja sandarsa zuwa gado yana magana da sauri, Anti tana bina da fassara. Yana da 'ya guda, Nina. Tana shekara sha huɗu, a ajinsa, a kan irin wannan kwamfutar, ta ƙirƙiri wasa da kanta: akuya tana shiga lambu tana cin kabeji, wani mai tabarau da ƙaton hanci yana binta da tsintsiya. Shi ke nan mai hancin. Da an kunna, sunanta ne yake fara fitowa. Tana sha tara ciwo ya ɗauke ta. Da zai baro ƙasar, ya bar littattafansa, ya bar kayan matarsa, ya sako kaset ɗin a aljihun ƙirji. Duk wannan tarin ƙarafan, duk shekarun, don ya sake ganin akuyar nan sau ɗaya ne.

Ya sa hannu ƙarƙashin matashi. Ya sake sawa. Ya ɗaga matashin gaba ɗaya.

Anti ta dafe ƙirji. "Wayyo, Papa! Da na canza zanin gado na gan shi, na sa shi cikin kwali tare da 'yan'uwansa."

Aka zazzage kwali a kan gado. Ɗaya bayan ɗaya, sau uku. Har da ni a masu nema. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin gado, na ɗaga kafet, na ce ko ya faɗa bayan hitar ɗumama ɗaki. Wallahi na yi wannan. Tsohon bai yi ihu ba, ya zauna a bakin gado ya zuba hannuwansa a cinya. Da yamma ɗan ƙanensa ya zo, wani mai jan wuya da bai taɓa amsa gaisuwata ba, ya tsaya a kan Anti Ramatu yana nuna ta da yatsa, ya ce zai kai ƙararta wurin kamfanin da ya turo ta, a kore ta, a sa mata baƙin tambari. Matar da take riƙe da 'ya'ya uku a Kumasi. Ina tsaye ina naɗe wayar taransifoma.

Talata ban fita ba. Laraba na je gyaran fankar wata mata na kasa kwance sukuru ɗaya. Ina ta ce wa kaina ai aikin gama ya riga ya gama, faɗa ba zai dawo da komai ba, sai dai ya jawo min 'yan sanda, ni da takarduna ba su cika ba. Ran Alhamis da safe na tarar da Anti a tashar jirgi, idonta ya kumbura. Ta ce min, "Injiniya, ka taya ni addu'a, ban taɓa ɗaukar ko cokalin mutum ba." A nan dai abin ya fi ƙarfina. Na faɗa mata a tsaye, jirgi yana wucewa, sai da na maimaita da ƙarfi.

Ba ta zage ni ba, da ta zaga da na ji sauƙi. Ta ce, "Za ka faɗa da bakinka. Ni fassara kawai zan yi, kuma ba zan rage ko kalma ba."

Baba Girisha ya saurara har ƙarshe idonsa a rufe. Sai ya buɗe ya yi tambaya ɗaya, da sauri.

Anti ta ce, "Wai fuska nawa ka yi magana a kai?"

"Ɗaya."

Ya miƙe ba sanda. Ya ce duk ɗalibin da ya koyar, doka ce, sau biyu ake ajiye aiki, gaba da baya. Akwai akuyar a ɗaya fuskar. A kira gida, yanzu, kada kowa ya taɓa.

Na kira Hadiza. Can la'asar ta yi.

"Yaya! Ai saƙo ya iso tun Litinin da daddare, Hajiya ta ba direba. Inna ta ji ya fi sau goma, har ta ci tuwo."

"Hadiza, saurara. Kada a juya shi. Kada a ɗauki komai a bayan."

"Bayan? Ai jiya da hantsi ta ba ka amsa. Da wani ƙara a wurin kamar na gyare, muka bi ta kai. Sai da ta cika shi taf, har zare ya ƙare tana magana."

Jiya da hantsi. Laraba. Da na buɗe baki ran Litinin, lokacin da nake rarrafe ina leƙen ƙarƙashin gado, ko ran Talata da nake kwance ina kallon silin, da akuyar tana nan. Fuskar farko jahilci ne ya cinye ta. Ta biyun kuwa ni ne, da hankalina.

Ba sai an fassara masa ba, ya gani a fuskata. Ya koma ya zauna. Can ya yi magana a hankali, Anti ta faɗa min ba ta dube ni ba.

"Ya ce tun ranar farko ya san kai ba injiniya ba ne, hannunka ya ɗauka, ba bakinka ba. Ya ce shi malami ne. Shekara talatin da biyar aikinsa ke nan, a tambaye shi ya ba da amsa. Wata uku kana shan shayinsa. Da ka tambaya."

Bayan mako biyar Hajiya Balaraba ta dawo da kaset ɗin. Na kai masa ban ko saurara ba, don ba nawa ba ne. Ya shafa akuyar da babban yatsa, ya zaro takardar biskit daga ramukan da farce, ya ajiye min a tafin hannu. Sannan ya sa a rakodar da na gyara, ya juya fuskar Inna, ya kunna. Muryarta ta cika ɗakin, a shaƙe, da kukan kaji a bayanta. Ta yi gaisuwa, ta lissafo waɗanda suka rasu da waɗanda suka haihu, ta sa min albarka. Sai ta ce:

"Sale, na ji batun ofis. Ni na haife ka, in kana ƙarya numfashinka yakan canza, to Allah ya sa rabinta gaskiya ce. Sannan Hadiza ta ce akwai zanen akuya a jikin kaset ɗin nan, hannun yaro ne. Ɗan wa ka ƙwace wa? Ka mayar masa, ka ba shi haƙuri. Tun kana ƙarami hannunka yake riga kanka isa wuri."

Baba Girisha ya ce a fassara. Anti ta fassara, ba ta rage ba. Ya yi wata 'yar dariya guda ɗaya, busasshiya. Ya cire kaset ɗin ya sa a aljihun ƙirji. Na so in ce a bar ni in kwafi muryar uwata a waya, minti talatin kawai. Da wane baki? Na yi shiru, wannan karon shirun da ya dace.

Kafin in fita ya yagi takarda ya rubuta haruffa huɗu manya, sunan Nina da rubutunsu. Ya ce 'yan ajin Nina su talatin ne, kuma yaran lokacin kowa yana kwafar na kowa. Wataƙila wani ya kwafa. Wataƙila wani ya taho da shi ƙasar nan a cikin tarkace. Bai ce in nema ba, bai ce ya yafe ba, bai kuma ce in dawo ran Litinin ba. Ban koma ba.

Inna ta rasu da damina. Shi kuma ya bi ta da sanyin da ya biyo. Anti Ramatu, wadda ba a kore ta ba amma ta yi wata shida ba ta amsa sallamata, ita ta kira ni ta ce ɗan ƙanen ya fitar da komai bakin titi, motar shara za ta zo da safe. Na ari keken da ake zuba kaya a kanti. Sawu huɗu na yi tsakanin bakin teku da Bronx a yini ɗaya da darensa, mutane suna tsaki a jirgi, da wannan bayan nawa da Alhaji Mudi ya gama da shi. Na farke baƙaƙen ledoji ɗaya bayan ɗaya a gaban masu wucewa, ina neman kaset mai akuya. Babu. Ko an binne shi da shi, ko yana cikin ledar da ban kai gare ta ba. Muryar da Inna ta ce mai zama ce, sau ɗaya na ji ta.

Yanzu duk Lahadi ina can ƙarƙashin gadar jirgi a unguwarsu, inda tsofaffi ke baza tarkace a kan tebur. Sun san ni. Suna kirana da wani suna da Anti ta ƙi fassara min. In nuna takardata, in sayi duk kaset ɗin da aka ce na kwamfuta ne. Na koyi tambaya, da hannu, da ido, da Turancina makaho, yanzu da ba ta da sauran amfani ga wanda ya so a yi masa ita. A duk Rashanci haruffa huɗu na sani: ɗaya kamar tsani mai mataki guda, ɗaya kamar N ta juya baya, tsanin ya sake dawowa, sai A.

Jiya na samo guda shida. Na jona taransifoma, na sa na farko, na zauna na saurari kukan tun daga farko har ƙarshe, ban ce masa matacce ba. Gilashi ya kawo wani jirgin ruwa, da sunan ɗan wasu a samansa, haruffa bakwai. Na ɗan bar shi ya yi yawo, don shi ma wani ya zauna ya yi shi. Sannan na cire kaset ɗin, na ɗaga shi wajen taga na duba ramukan. A buɗe suke. Na bar su a buɗe, na ɗauko na biyu.